Zabirar Baba a Cikin Gilashi

Binta, daren jiya wani mafarki ya zo min, kuma kin san ni ba mai ɗaukar mafarki da zafi ba ce. Gari na wayewa nake kakkaɓe shi in shiga harkata. Wannan kam ya ƙi sakina, shi ya sa nake so ki ji shi kafin la'asar.

Bari in tuna miki tushen maganar. Watan jiya da na je birni wurin ɗana Nura, ya yi ta yawo da ni gidajen tarihi har ƙafata ta kumbura. A babban cikinsu na ga inda suka ajiye kayan wanzamai: aska ɗaya mai tsatsa da wani fasasshen ƙaho. Haushi ya kama ni. Na ce wa ma'aikaciyar wurin, in zabira suke son gani su zo gidanmu. Ta Baba nake nufi, jakar fatar nan da yake ratayawa, da askarsa da ƙahonsa da dutsen wasa aska, duk suna ciki. Tun da ya rasu tana ɗakina, don a mazan gidan ba wanda ya gaji wanzanci. Suka ce suna so, na ce na ba su.

Ƙanena Sale ya yi ta ƙunƙuni. Wai duk jaririn da aka haifa a zuri'armu, ranar suna da askar Baba ake fara taɓa kansa kafin wanzami ya sa sabuwar reza, ga shi matar Nura watan haihuwarta ya tsaya. Na ce masa a ɗakina ɓera ne zai cinye fatar, a can kuwa duniya ce za ta ga sunan ubanmu. Ban tsaya jin amsarsa ba. Yau bayan la'asar motarsu za ta zo ɗauka.

To, a mafarkin, ga ni a birnin nan, na ci ado da jan leshina, zabira a kafaɗa kamar yadda Baba yake rataya ta. Babu Nura, babu kowa nawa. Tituna fetal, ko mota ɗaya babu, amma ina jin ƙarar hon ta ko'ina. Tafiyata nake da ƙarfi, na san inda za ni.

Na shiga gidan tarihin farko, na tsofaffin jiragen ƙasa. Kawunan jiragen sun gurfana a jere suna tuƙa kamar raƙuma. Wani mai gadi dogo ya dubi kafaɗata ya ce, "Ba nan ba, Hajiya. Gaba."

Sai kawai na gan ni a gidan tufafi. Manyan riguna da zannuwan saƙi suna ta kai da kawo ba kowa a cikinsu, suna gaisawa da juna. Wani baƙin zane irin na Innarmu ya rusuna ya gaishe ni, na amsa, har na tambaye shi mutanen gida. Ko ɗar ban ji ba. Mai gadin nan dai, shi ɗin dai, yana tsaye a bakin ƙofa ya sake cewa gaba.

Na hau matakalar nan mai tafiya da kanta. Tana ta hawa, tana ta hawa, sai kawai ta sauke ni a zauren gidanmu na ƙauye. Shi ne, har gurbin fitilar nan na bango, sai dai an shimfiɗa tayil, ga sanyin esi. Na taɓa kafaɗata na ji wayam. Zabirar tana tsakiyar zauren cikin akwatin gilashi, an haska mata fitila, fatar tana ƙyalli. A bango an rubuta sunan Baba da manyan baƙaƙe. Mutane sun yi layi har waje, Turawa, Larabawa, 'yan makaranta. Wallahi Binta daɗin da na ji ba ya faɗuwa. Na tsaya ina ce wa duk wanda ya wuce, ubana ne, ni ce babbar 'yarsa. Ina ta waige ko zan ga Sale in nuna masa.

Sai na ji kukan jariri a bayana.

Baba ne zaune a ƙasa kan buzunsa, ya tanƙwashe ƙafa, da 'yar ƙwaryar ruwa da sabulu a gefe. Jariri a cinyarsa, gashi cike da kai. Ba wanda ya faɗa min, amma na san ɗan Nura ne. Baba ya jiƙa masa kai, ya murza sabulu, sannan ya miƙo hannu ba tare da ya ɗago ba, yadda yake yi min ina yarinya.

Ya ce, "Uwani, miƙo min."

Na nufi akwatin. Na zagaya shi ban ga ƙofa ba, ban ga makulli ba. Mai gadi ya ce, "Ba a taɓawa." Na ce, "Kai, ta ubana ce, ni na kawo ta da kafaɗata." Ya sake cewa ba a taɓawa, da murya ɗaya, ko kallona bai yi ba. Na buga gilashin da tafin hannu, ko ƙara bai yi ba. Hannun Baba yana nan a miƙe, sabulun yana bushewa a kan yaron.

Na ce, "Baba, adana maka ita aka yi. Dubi sunanka a bango."

Ya miƙe, ya ɗora min jaririn a hannu, ya taka zuwa akwatin ya shige ciki kamar mai ɗaga labule. Ya zauna, ya buɗe zabirarsa, ya zaro askar yana goga ta a tafin hannu. Murmushi yake, na gani da idona. Mutane suka yi ta ɗaukarsa hoto. Sai ya yafito ni da hannu, in kawo yaron. Na taka, goshina ya bugi gilashi. Na sake takawa, ya sake buguwa. Shi yana ciki da aska, mu muna waje, tsakaninmu bai kai kamu ɗaya ba. Mai gadi ya ce lokacin tashi ya yi, aka fara kashe fitilu.

Na farka hannuwana a lanƙwashe a ƙirji, kamar har yanzu ina riƙe da yaron.

Ni dai a fassarata Baba ya yarda. Da bai so wurin ba ai ba zai shiga ya zauna ba, balle ya yi murmushi. Haka na faɗa wa kaina bayan na idar da sallah, kuma ban kira Sale ba, don na san bakinsa. Amma ban san lokacin da na kwance ƙunshin zabirar da na yi jiya ba, na zaro askar. Mutanen nan sun ce a cike suke son zabirar, ni kuma da bakina na ce a cike zan ba su, kuma ban saba magana biyu ba. Yanzu haka zabirar tana bakin ƙofa a naɗe, askar tana kan cinyata. Na mayar da ita ciki na sake fito da ita.

Ke kin san Baba, shi ya yi wa 'ya'yanki askin suna. Don Allah faɗa min abin da kika gani a mafarkin nan kafin motar ta iso. In ya yarda da gilashin, me ya sa har aka kashe fitila yana yafito ni in kawo masa yaron?