Hannun Auduga

Shekara huɗu na yi ina gyaran farce a wani ɗan shago a Gyaɗi-Gyaɗi, kuma ba zan ɓoye ba, ina da ji da kai. Wadda ta ƙara hura mini kai ita ce wata dattijuwa da muke kira Mama, tsohuwar malamar makaranta 'yar Kudancin Kaduna, mazauniyar Unguwar Gano. Duk Asabar ta biyu za ta sauko daga adaidaita sahu, a yanke mata farcen ƙafa a shafa jan farce mai duhu, saboda washegari za ta coci.

Sauran mata da na taɓa gefen farcensu sai su zabura, wata har da ihu kamar an yanka ta. Mama kuwa ko gezau. Farcen babban yatsanta na dama yana shigewa nama, nakan sa ɗan almakashi in tono shi, wani lokaci har jini ya tsatso, ita tana ta ba ni labarin ɗalibanta na da. In na ce sannu, sai ta ce, "Sannun me, 'yata? Ai hannunki auduga ne." Sunan ya bi ni. Ni ma da bakina nake faɗa wa sababbin zuwa.

Da farcen ya fara baƙi, na gani. Na ce tuntuɓe ne. Ita kuma ta ce in rufe mata shi, kada matan zumuntar coci su yi ta tambaya. Na daina goge tsohon jan farcen a wannan yatsa, sai dai in ƙara sabo a kai. Sau uku na yi haka.

Ranar da asiri ya tonu, akwai wata nas ta asibitin koyarwa tana jiran layi. Ita ba ta zuwa sai tana fashin salla, tunda jan farce yana hana alwala, don haka ba su taɓa haɗuwa da Mama ba. Na fito da ƙafar Mama daga ruwan ɗumi ke nan, nas ɗin ta yatsine fuska.

"Warin mene ne wannan?"

Raina ya ɓaci, na ce shagona ba ya wari. Ba ta ko kalle ni ba. Ta durƙusa ta ce in goge yatsan nan tas. Ina gogawa farcen ya ɗago gaba ɗaya, mugunya ta biyo audugar. Naman ƙasa ya yi baƙi ƙirin. Innalillahi! Kwalbar man goge farcen da ke hannuna ta suɓuce, ban san lokacin da na ja da baya ba.

Nas ta danna yatsan da ƙarfi. "Mama, kin ji zafi?"

"A'a."

Ta mintsini tafin ƙafar. "Nan fa?"

"Me kika yi?" in ji Mama, tana murmushi.

"Kina da ciwon suga?"

"Ya fi shekara goma."

Nas ta juyo gare ni, idonta jajur. Ta ce ciwon suga in ya daɗe yana kashe jin ƙafa, ko ƙusa mutum ya taka ba zai sani ba, kuma ɗan rauni kaɗan sai ya zama gyambo. Ashe duk tsawon lokacin nan ba hannuna ne mai laushi ba. Yanka ta nake yi, ba ta ji, in kuma kawo fenti in rufe.

A ranar aka kwantar da ita. An ceto ƙafar, amma yatsan bai tsira ba.

Bayan wata biyu ta dawo, tana dogara sanda. Kunya ta hana ni ɗaga ido. Na ce, "Mama, ki yafe mini." Ta ce ita ma ai ta ce a rufe, ta miƙo ƙafar. Na ƙi taɓa almakashi, na ƙi shafa komai. Wanke ta kawai na yi, ina tsane tsakanin yatsu huɗun nan ɗaya bayan ɗaya, ina duba kowane lungu.

Ta lumshe ido ta ce, "Kai, 'yata, hannun nan naki auduga."

A lokacin na riga na saki ƙafar, tawul ne kawai a hannuna.