Wayar da Mushe Ilu Ya Saya

Har yau ban manta da ranar da Mushe Ilu (Mushe muke ce wa malamin boko a nan) ya shigo butik ɗinmu neman waya ba. Ku da kuka shigo sana'ar nan daga baya, ya kamata ku ji labarin.

Lokacin ina tsaron kanta a shagon Alhaji Mamman, kusa da tasha a nan Matameye. Alhaji ke sayo kaya daga Kano, ni nake sayarwa. Ƙa'idar aiki ita ce a buɗe kwali gaban mai saye, a kunna wayar, a sa masa sim, ya gwada ya gamsu kafin a rufe ciniki.

A shekarar nan samari sun haukace da wata lamba da ake bugawa a jikin kwali, 120Hz. Ga wanda bai san sana'ar ba, hoton da ke kan gilashin waya sabunta shi ake yi sau da yawa cikin daƙiƙa guda. Waya ta gama-gari sau sittin take yi, masu tsada sau ɗari da ashirin. In ka ja yatsa sai rubutu ya yi sulɓi, ba ya tsalle, masu wasan gem kuma suna jin daɗinsa. Amma ba ya ƙara wa hoto fitowa, kiran bidiyo kuwa rezo, wato sabis, ne ke tafiyar da shi. Ga shan batir, a garin da wuta ke zuwa tana tafiya.

Bayan girbin gero ne, ranar kasuwa da hantsi. Mushe Ilu shi ya koya mini karatu a lakwal, wato makarantar boko, ya daɗe da ajiye aiki. Na tashi na gaishe shi, na ba shi kujera. Ya ce wayarsa ta lalace, duk abin da ya duba sai ya ga kamar hayaƙi ya rufe. Ɗansa Laminu, wanda ke gadi a Legas, an yi masa haihuwa a can, kuma Mushe bai taɓa ganin jikar tasa ba sai a waya. Da ya kai masa kuka, Laminu ya tambayi abokansa, suka ce a sayi mai ɗari da ashirin, ita ce ba ta gajiyar da ido. Shi ne ya aiko a sayo.

Na karɓi tsohuwar wayar na duba. Na goge gilashin, na ƙara haske, na buɗe bidiyon yarinyar. Ba abin da ya samu wayar. Har kwallin idonta ina gani, da haƙora biyu da suka fara fitowa.

Na ɗauko sabuwar da muke nuna wa mutane, na tura bidiyon a ciki, na miƙa masa. Ya kai ta dab da fuskarsa, ya karkata kai yana leƙe ta gefen ido. Ya ce ita ma hayaƙin ne, in kawo wata. Na kawo wadda ta fi kowace tsada a shagon. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya ajiye ta a hankali bisa kanta.

Ya ce, "Sabi'u, gaya mini tsakani da Allah. A tsohuwar tawa, kana ganin fuskarta?"

Na ce, "Ina gani, Mushe."

"Da wa take kama?"

"Da kai. Goshin naka ne."

Ya gyaɗa kai. Mutumin da ke hango mai satar amsa daga ƙarshen aji, yau ga shi yana laluben sandarsa da ke jingine a gwiwarsa.

Na roƙe shi kada ya saya, na ce lambar nan ba za ta yi masa komai ba, likitan ido ya kamata ya gani a Damagaram. Ana cikin haka Alhaji ya shigo. Da ya ji abin da ke faruwa, shi ma ya ce Mushe ya riƙe kuɗinsa ya nemi magani, waya ba ta gudu. Mushe ya yi godiya, amma ya ƙi. Ya ce Laminu zai nemi a nuna masa sabuwar waya. In ya ji cewa ido ne, zai bar aikin ya taho gida, kuma geron da aka samu bana ba zai kai su damina ba. Gidan duka abin da Laminu ke aikowa suke ci.

Ya ce, "Gara ya ɗauka wayar ce ta gyaru."

Haka na sayar masa. Na shiga wurin saiti na mai da ita sittin don batir ya riƙa daɗewa, tunda dai ba zai ga bambancin ba. Na kama yatsansa na nuna masa inda zai taɓa in kira ya shigo.

Daga baya Alhaji ya sa aka kai shi Damagaram. Likita ya ce an makara, jijiyar idon ta riga ta tafi, sai dai a lallaɓa abin da ya rage. Duk ranar da Laminu zai kira, Mushe yakan zo ya zauna a bencinmu, wai nan ne rezo ke da ƙarfi. Ni kuwa ina tsaye gefe inda ba a ganina, ina raɗa masa abin da ke cikin hoton. Sai in ji yana dariya yana cewa, "Amaryata, wa ya saya miki jar riga?" In an kashe wayar, dariyar ta tafi da ita. Ya zauna jugum har sai an kira salla.

Kafin damina ta fita ya daina iya zuwa shi kaɗai. Laminu bai sani ba sai da ya zo gida da babbar salla, ya ɗora masa yarinyar a cinya, ya ga ubansa yana shafa fuskarta da tafin hannu. Ya bar aikin kamar yadda Mushe ya ji tsoro, kuma tun daga nan gidan bai sake miƙewa ba.

Abin da na koya ba mai daɗi ba ne. Mu masu sana'ar nan mun haddace abin da ke jikin kwali, amma sau da yawa wanda ke tsaye gabanka ba waya ce ta kawo shi ba. Ka tambaye shi me yake son gani, ka faɗa masa gaskiya. Sai dai kada ka ɗauka gaskiyar za ta cece shi. Ni na faɗa, Alhaji ma ya faɗa, kuma ba abin da muka iya yi wa Mushe sai zama kusa da shi.