Mai Taya Takwas a Kan Baƙaƙen Duwatsu

Abdulbaƙi bakanike ne a wani gareji da ke Sa'alaba, kudancin Jidda, inda ake gyaran ƙananan motocin shiga daji. Mutumin Nguru ne. A bakin fadama ya tashi, mahaifinsa maharbin agwagin ruwa, shi kuma yana tura masa kwalekwale da gora cikin ciyawa. Ya koyi kanikanci a Kano, ya zo Jidda aiki, daga baya ya ɗauko matarsa Saudatu suka kama gida a Madain Fahd. Bandar, mai garejin kuma kafilinsa da ya tsaya masa kan takardun zama a ƙasar, ya yarda da hannunsa har ba ya sayen injin sai Abdulbaƙi ya kasa kunne ya saurara.

Bandar yana da uba, Meshari, dattijo mai farauta da shaho. Ciwon baya ya hana shi fita shekaru, sai a hunturun bara likita ya ce zai iya fita sau ɗaya, in za a lallaɓa shi. Bandar ya nemi izinin farauta, sannan ya kira Abdulbaƙi bayan gareji, inda aka kawo motoci biyu na hannu.

Ɗaya ita ce wadda mutanen Jidda ke kira bagi: taya huɗu, kujeru gefe da gefe, kejin ƙarfe a sama, da dogayen shokozoba masu shanye gargada. Tana da gudu kuma cikinta ya yi nesa da ƙasa, amma ruwa mai zurfi ko taɓo yana riƙe ta. Ɗayar kamar baho ce mai taya takwas. Tana iyo a ruwa, tana ratsa laka, sai dai tafiyarta a hankali ce kuma ba ta da shokozoba ko ɗaya. Iskar tayarta ce kaɗai tsakanin mutum da ƙasa.

"Ya mu'allim, wacce za ta kai tsoho ta dawo da shi?" in ji Bandar.

Abdulbaƙi bai tambayi inda za su ba. A wurinsa farauta ruwa ce da taɓo, kuma wannan bahon shi ne abin da mahaifinsa ya rasa duk rayuwarsa. Ya dafa mai taya takwas ya ce, "Wannan ba inda ba ta shiga."

Washegari Meshari ya zo da abokansa tsofaffi, ya zaga motar da sandarsa yana dariya. "Ku gani, injiniyanmu ya zaɓo mini jirgin ruwa! Ku kuwa ku tsaya da kekunanku." Ya riƙe hannun Abdulbaƙi bai sake ba har suka gama shan gahawa.

Sai bayan sun tafi ne Bandar ya faɗi wurin: bayan Usfan, filin baƙaƙen duwatsu, inda tsohon ya koyi farauta yana saurayi. Babu ruwa a wurin ko na alwala. Abdulbaƙi ya hau motar ya bi tsakuwar bayan gareji da ita, ya ji haƙoransa na haɗuwa. Nan take ya gane kuskurensa.

Ya faɗa wa Saudatu suna cin abincin rana.

"To ka gaya musu mana."

"Bayan ya yabe ni a gaban mutane? In ce injiniyansa bai san komai ba? Shi ma na kunyata shi ke nan."

"Baban Sajida, bakin nan naka na magana ne ko na shan shayi kawai? Bayan bawan Allah za ka karya don kada ka ji nauyi?"

"Zan rage iskar taya. Zan sa katifa a kujera. A hankali zan tuƙa."

"Halas, shi ke nan," in ji ta, ta kwashe kwanuka.

Ya yi duk abin da ya ce. Ran Juma'a da sassafe aka sauke motar daga tirela a ƙarshen kwalta. Abokan Bandar sun zo da bagi, suka wuce gaba kamar a kan titi. Meshari ya zauna kusa da Abdulbaƙi, shahon na kan hannunsa, an rufe wa tsuntsun ido da hular fata da ake cirewa sai za a sake shi farauta. Kowane dutse da tayar gaba ta hau, sai sauran ukun da ke bayanta su hau shi bi da bi, kuma kowanne sai ya iso ƙashin bayan tsohon. Shahon ya yi ta zamewa yana kaɗa fukafukai. Abdulbaƙi ya ga gumi na bin gemun Meshari alhali ana sanyi.

"Baba, mu tsaya?"

"Yalla, ɗana, ci gaba. Jirgi mai kyau ne."

Ba su kai rabin hanya ba tsohon ya miƙa wa Abdulbaƙi shahon, ya ce a tsaya. Da aka zo sauka, ƙafarsa ta ƙi ɗaguwa. Mutum uku suka ɗauke shi zuwa bagin da ta dawo nemansu, aka kwantar da kujera, aka koma da shi kwalta. Ba a cire wa shahon hula ba a ranar.

Bandar bai yi faɗa ba. Cewa kawai ya yi a mayar da motar bayan gareji a rufe ta. Likita ya ce fita daji ta ƙare wa tsohon. Abdulbaƙi ya yi makonni yana shiga gareji ta ƙofar baya, ya daina zama shayin la'asar, in ya ji muryar Bandar sai ya cusa kai ƙarƙashin mota. Saudatu ce ta dafa dambun nama ta ɗora masa a hannu, ta ce ba zai ci tuwonta ba sai ya je dubiya.

Ya tarar da Meshari kwance a falo an tokare shi da matasai. Ya durƙusa daga bakin ƙofa.

"Baba, tun kafin mu fita na san motar ba ta wurin ba ce. Na gwada ta. Na yi shiru."

Tsohon ya ce, "Ni tun dutsen farko na sani. Na ce in na yi magana, yaran nan za su yi maka dariya." Ya fara dariya, ciwon ya katse shi. "Jakuna biyu a cikin baho. Matso nan, me ka kawo?"

Abdulbaƙi bai iya ɗaga kai ba. Ya tura kwanon gabansa.

Kafin ya tafi, wani ɗan'uwan Bandar ya iso karɓar shahon, domin Meshari ya ce tsuntsu ba ya zama a falo da mai jinya. Tsohon ya shafa ƙirjin shahon da bayan yatsa, ya juya fuskarsa bango. Ɗan'uwan ya rasa mai kama masa kaya, sai Abdulbaƙi ya ɗauki sandar da tsuntsun ke tsayawa a kai da safar hannun fata, ya bi shi da su har mota.