Ni Na Toshe wa Rufin Gidana Hanci

Malam Edita, ina yi maka sallama, kai da masu karanta wannan shafi da mutane ke zuwa su sauke abin da ya tsaya musu a ƙirji. Laifi guda na zo da shi, kuma gara in faɗe shi da bakina kafin 'ya'yana su riga ni su ƙara masa gishiri. Ka yi haƙuri da rubutuna, karatuna na lakwal, wato boko, bai wuce aji huɗu ba, shi ma rabinsa a bakin taga na yi shi.

Lokacin da abin ya faru ban daɗe da ajiye aiki ba, bayan shekaru ina ɗaga katifu a wani kamfani a nan Greensboro. Mutumin Damagaram ne ni, ɗan magini, jikan magini. Tun ban kai tsawon jaki ba ake ɗora ni a kan soro, duk shekara kafin damina mu bi rufin mutane da yaɓe muna toshe duk tsagar da ruwa zai bi. Karatun da mahaifina ya yi mini ke nan, kuma ba shi da shafi na biyu: rufi mai kyau shi ne wanda ko tururuwa ba ta samun ƙofa. Da wannan ilimin na tsallako teku, ya kwanta mini a ciki babu wajen amfani, har muka sayi ɗan tsohon gidanmu na katako a unguwar Glenwood, ni da matata Hajiya, tsakanin ɗaliban jami'a masu gaida mutum da haɓa.

Rufin gidajen nan ba soro ba ne, ba kuma kwano ba. Wasu falle-fallen kwalta ne da aka barbaɗa wa tsakuwa, ana jera su a kan katako wani bisa wani kamar gashin kaza, shingul suke ce musu. Namu ya tsufa, ya fara nannaɗewa, in an yi ruwa sai ka ga tsakuwarsa a bakin indararo. Babbar 'yata, ma'aikaciyar jinya ce, ta ga haka ta ce ai ga dalili ya zo, gidan ya fi ƙarfinmu, mu sayar mu koma wurinsu. Ita da mijinta sun riga sun gyara mana ɗaki a ƙasan gidansu, har da wani ƙarfe a bangon banɗaki da tsoho zai kama in zai miƙe. Na san kyakkyawar niyya ce. Amma a garinmu ko ruwa mutum ba ya sha a gaban surukinsa, balle ya kwanta ƙarƙashin rufinsa yana tari ana ji. Na ce mata ta ba ni kaka guda, in ban yi wa gidan sabon rufi da zai ɗauki sanyi ba, in bi ta ba gardama. Ta amsa da Turanci, kamar yadda takan yi in ba ta yarda da ni ba.

Sai na kira gayya. Bayan Juma'a na tsaya bakin masallaci na faɗa wa mutanenmu, na kuma je na ɗauko wanda ya san aikin da gaske, wani abokina mutumin Filato, dattijo a cocinsu, wanda muka yi ɗaukar katifa tare kafin ya koma aikin rufi. Dattijo nake ce masa, shi kuma Sarkin Magina yake ce mini in yana neman faɗa. Asabar biyu aka yi, maza a sama suna ɓamɓare tsohon suna buga sabo, mata a ƙasa da tukwanen shinkafa, ni kuma a tsakiyar ciyawa da sanda ina nuna abin da ba a tambaye ni ba. Aiki ya yi kyau, ban ƙi faɗa ba. Sai a rana ta ƙarshe na ga Dattijo ya ɗauki zarto yana tsaga ƙoƙuwar rufin daga wannan kai zuwa wancan, ya ɗora mata wata hula da iska ke bi ta ƙarƙashinta, ya kuma share ƙananan ramukan da ke ƙarƙashin bakin rufin yana buɗe su. Na tambaye shi ko zafin rana ne ya taɓa shi. Ya ce a ƙasar nan dole rufi ya yi numfashi, iska ta shiga ta ƙasa ta fita ta sama. Na ce rufi ba akuya ba ne. Ya fara bayani mai tsawo, mutane suka yi ta dariya, ni kuma na gyaɗa kai irin na wanda ya riga ya yanke abin da zai yi.

Da sanyi ya fara shigowa, wata rana Hajiya ta tafi kasuwa, na jingina tsani na buɗe 'yar ƙofar da ke silin na shiga ɗakin nan mai duhu da ke tsakanin silin da rufi. Iska na ji tana kaɗa mini gemu. Na ce wato muna kunna hita mai ɗumama gida a ƙasa, sanyi yana yawo a samanmu kamar gidan ubansa. Na yayyanka wata tsohuwar katifa, na haɗa da tsummoki da leda da kumfar nan ta gwangwani mai kumbura ta bushe, na bi ramukan nan ɗaya bayan ɗaya, na ƙasa da na sama, ina rarrafe da gwiwoyin da likita ya hana ni durƙusawa a kansu. Yini biyu na yi, ina fakon fitarta. Da na gama na ɗaga yatsa da yawu ban ji ko motsin iska ba, na yi wa mahaifina addu'a, na sauko ban gaya wa kowa ba.

Ka san gidan Bahaushe a lokacin sanyi. Hita a ƙure, tagogi a rufe, ruwan tuwo yana tafasa, miya tana dahuwa tun hantsi, wanki a shanye a falo don a waje daskarewa zai yi, ga ruwan zafi na alwala sau biyar. Duk tururin nan sama yake tafiya, ni ban sani ba. Aka yi mako guda na sanyin da ke daskarar da ruwa a bututu, sannan rana ta fito fes. Ina zaune ina shan shayi da safe, sama babu gajimare ko na rantsuwa, sai ɗigo ya faɗo mini a kofi. Kafin azahar mun jera robobi huɗu. Daga nan silin ya fara tabo, gidan ya ɗauki wari irin na rijiyar da aka daina ja, Hajiya kuma ta fara tari.

Ga inda na fi jin kunya. Ban ko kawo a raina cewa aikina ne ba, don mai toshe rami ba ya kawo yoyo, ko a wane littafi. Na ɗora wa Dattijo. A wajen wani suna, gaban mutanenmu da nasu, na ce ga mutumin da ya huda mini rufi don aikin gayya ne ba na kamfani ba. Na faɗa da sigar wasa, amma kowa ya ji ba wasa ba ne, kuma sana'arsa ke nan da yake ci da iyali. Ya ajiye farantinsa ya fita. Bayan kwana kaɗan numfashin Hajiya ya sarƙe, aka kwantar da ita asibiti da roba a hanci. Na zauna gefen gadon ina kallon ƙirjinta yana hawa da ƙyar. Daga asibiti 'yata ta wuce da ita gidanta, ta ce likita ya ce funfuna ce a gidanmu, kuma alkawari ya cika, ranar Lahadi za su zo a yi maganar sayarwa.

Lahadin suka zo, ita da mijinta da Hajiya da aka zaunar a kujera kusa da buɗaɗɗiyar ƙofa. Muna cikin magana sai ga Dattijo, daga coci, da kwat ɗinsa da tocila a hannu. Bai gaishe ni ba, ya gaida Hajiya, ya ce sunansa ne a rufin nan, zai hau ya ga abin da ya yi. Ya daɗe a sama. Da ya sauko gwiwoyin wandonsa baƙi ƙirin, ya gaya wa yaran cewa katakon ya jiƙe daga ciki, kan kowace ƙusa akwai ɗigon ruwa, amma itacen bai ruɓe ba, abu ne mai gyaruwa. Sannan ya ja ni baranda ya buɗe tafin hannunsa. Guntun soson katifa ne, da kumfa a manne.

"Alhaji," ya ce a hankali, "katifar nan dai ba da ƙafarta ta hau ba. Tururin gidanka ne ya rasa hanyar fita, ya daskare a katako, rana ta narkar da shi ya dawo muku. In ka so, ni ban ga komai ba."

Malam Edita, mutumin da na ci wa mutunci a bainar jama'a ne yake miƙo mini mayafi. Na tsaya na yi lissafi irin na tsofaffi. In na yi shiru, laifi ya zauna kan rufin da kan Dattijo, a ce gidan ba ya zaunuwa, in tafi gidan suruki da girmana. In na faɗa, na ba 'yata hujjar da ta fi ta farko, cewa ubanta ya fara abin da sai an sa masa ido. Ta ko'ina dai tafiyar ce. Na ce to in tafiyar ce, ba zan tafi a kan wuyan wani ba. Na karɓi soson na koma falo na ajiye shi a tebur.

"Rufin nan lafiyarsa ƙalau," na ce. "Ni na hau na toshe shi da hannuna, ni na kwantar da uwarku. Ku faɗa mini duk abin da ya zo bakinku, na ci. Amma wauta ce, ba gigin tsufa ba, tun ina saurayi nake da abata. Ba a tashin mutum daga gidansa don wauta, da garin nan ya zama kango."

Surukina ya sunkuyar da kai yana duba takalminsa, yaron kirki. 'Yata kuwa ta yi ta faɗa, Turanci da Hausa suna tuntuɓe da juna, tana kuka tana cewa da na faɗo daga tsanin wa zai sani, da uwarta ta mutu fa. Ban katse ta ba, don gaskiyarta ce. Da ta gama ta juya ga Hajiya tana jiran ta sa hannu. Hajiya ta yi tari, ta gyara mayafi, ta ce ita ta fi kowa ikon yin fushi tunda ƙirjinta ne, kuma za ta yi, ba yau za ta gama ba. Amma ba za ta je ta tsufa a inda sai ta duba fuskar wani kafin ta jefa daddawa a miya ba. Ta ce za ta dawo ranar da hancinta ya daina jin warin, kuma ranar da ta ji labarin na wanke Dattijo a gaban mutanen da na ɓata shi.

Mako uku na yi ni kaɗai a gidan, tagogi a buɗe cikin sanyi, ina cin dafa-dukar da ko ɗaliban maƙwabta suka ƙi karɓa. Masu aikin funfuna suka zo da kaya kamar masu zuwa duniyar wata, suka kankare katakon, suka sake silin na ɗaki biyu. Dattijo da kansa ya zaro duk abin da na cusa, ya cika buhu shida ya jera mini a ƙofar gida don masu wucewa su gani. Na je bakin cocinsu ranar Lahadi na tsaya da hulata har aka tashi, na faɗi abin da na yi da ƙarfi, na maimaita a bakin masallaci. Ya yafe, amma ya sauke ni daga Sarkin Magina, yanzu Sarkin Toshe yake kirana, kuma sunan ya kama.

Abin da na koya, a gida abokin gabar magini daga sama yake zuwa, shi ya sa muke toshewa. A ƙasar sanyi daga tukunyarka da hancinka yake tashi, sai ka buɗe masa hanya ya fita. Ilimin mahaifina ba ƙarya ba ne, na wata ƙasa ne. Ina gargaɗin tsofaffi irina da suka zo da sana'ar kaka a kai: in ka ga rami a rufin mutanen nan, ka tambaya, in an ba ka amsa kuma ka saurara har ƙarshe, kada ka gyaɗa kai kana shirya naka. In kuma abu ya lalace, ka fara duba hannunka kafin ka buɗe baki a kan abokinka, don tabon silin ya fi saurin gogewa. Ku kuma 'ya'ya, ku ji nawa. Tsohon da ya yi kuskure gyara yake bukata, ba kwashewa ba. Wanda kuka ɗauke daga gidansa don kada ya faɗi, kun riga kun kayar da shi.

Mun sake ganin wani sanyin a gidanmu, ko ɗigo babu, Hajiya tana dafa abin da ta ga dama. Nadamar tarin nan nata ba za ta bar ni ba, takan kuma tuna mini in na manta. Yaran sun sa sharaɗi guda, sun ɗauke tsanina sun kai garejin surukina sun sa masa kwaɗo, na kuma yi musu godiya kamar yadda ya kamata. Ban dai ga dalilin gaya musu cewa maƙwabcina yana da nasa ba, kuma ya fi nawa tsawo.