Injin da Ya Ƙi Riƙe Iska

Shekarun baya, lokacin ina ji da ƙuruciya, na sayi wata tsohuwar a-kori-kura a nan Tawa. Na ce mota, amma tsakani da Allah gawar mota ce. Injin ya mutu, ƙofa ɗaya ma da igiya ake ɗaure ta. Niyyata in tayar da ita in riƙa kai ƴan kasuwa Takanamat da Tebaram.

Wanda ya san Adar ya san da an gama girbi maza biɗa suke tafiya, wato ci-rani. Yayana ya tafi Abijan, tun yana aike har aka daina jin duriyarsa. Mahaifinmu ya rasu, ni kaɗai na rage wa mahaifiyata. To motar nan ita ce hujjata ta zaman gida. In ta tashi na zauna, in ba ta tashi ba sai hanya, don gonarmu ba ta kai mu ko rabin shekara. Inna ta fi ni sanin haka, shi ya sa ta sayar da tumakinta ba tare da na roƙe ta ba.

Abokina makanike, wanda muka taso unguwa ɗaya, ya ce a gida za mu yi aikin, wai a gareji kayan mota ƙafa gare su. Muka zazzage injin a tsakar gida ƙarƙashin bishiyar bedi. Aka kai gangar injin wurin masu yankan ƙarfe suka gyara ramukan fistan, aka dawo da ita. Ni kuma na tafi Konni sayen sagiman, wato zobban da ke hana iska tserewa ta gefen fistan. Damina ce, ina can aka tafka ruwa a Tawa, hankalina ya tashi don na bar ƙarfe a fili. Da na dawo na tarar da gangar lulluɓe da tabarma, ramukan suna ƙyalli, ko ɗigon tsatsa babu. Na ce a raina, kai, abokin nan nawa ɗan halak ne. Ashe shi ma a ransa ni yake yaba wa.

Muka haɗa inji, bugu ɗaya ya tashi. Inna ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo. Ni kuwa na fara tafiya ina kaɗa makulli a yatsa, gaisuwa ma sai na ga dama nake amsawa.

Ashe da sauran rina a kaba. Ba a yi wata ba motar ta fara kasala. Da safe sai an tura, hayaƙi shuɗi na bin mu, baƙin mai kuwa shansa take kamar fura. Wata ranar kasuwa ta tsaya cak a wani ɗan tudu kafin Takanamat, fasinjoji suka sauka suna turi. Wani dattijo yana haki ya ce, "Direba, mu munka biya ka kai mu, ko mu za mu kai ka?" Aka yi dariya, ni ma na yi ta dole.

Abokina ya kwance buji, wato fulogi, ya toshe ramin da babban yatsa, ya ce in murza makulli. Lafiyayyen inji ture yatsan yake yi da ƙarfi. Wannan sai wani huci mai rauni. Ya gwada sauran ramukan, duk haka.

"Ba ya riƙe iska," in ji shi. "Amma kada ka damu, supap ne ba su zamna daidai ba."

Muka sauke kan inji, ya yini yana goge supap, wato ƴan murafun da ke buɗe wa iska hanya su kuma rufe, muka mayar. Babu canji. Ya ce to juwan kilas ne, wato shimfiɗar da ke tsakanin kai da ganga. Muka sa sabo, nan ma shiru. Gero ya fara nuna, samarin unguwa sun fara maganar ranar tafiya, ni kuwa kullum ina ƙarƙashin bedi hannu baƙi ƙirin. Abinci ma ya daina yi mini daɗi.

Daga ƙarshe ya ɗiga baƙin mai a ramin buji ya sake gwadawa, sai iska ta ture yatsansa. Maimakon murna sai na ga fuskarsa ta canza. Ya ce in mai ya toshe ɓarakar, to ciwon yana ƙasa, wurin zobba. Muka farke injin gaba ɗaya. Sababbin sagiman sun cinye, ramukan duk sun karce. Ya shafo gindin kaskon mai, ya murza a yatsu, ya miƙo mini.

"Wanga rairayi ne. Ina ka shiga da motar ga?"

Na ce ya duba matatar iska, sabuwa ce, ko huda babu. Na ce shi ne dai bai wanke gangar da kyau ba da ya goge ta. Ya ce wace guga, ai ni na goge. Murya ta fara tashi, har na kira shi makaniken ƙarya, shi kuma ya ce dama jaki ya dace da ni.

Muna cikin haka Inna ta fito da kwanon fura.

"Haba, ku bar hwaɗa. In don tsabta ne, ƙarhen nan ba shi da laihi. Da ruwa ya buge shi ya yi ja, ni da hannuna na cuɗe shi da rairayi da toka, ciki da waje, har cikin ƴan ramukkan nan ƙanana. Ko tukunyar aurena ban taɓa yi ma irin wankin nan ba."

Da alfahari ta faɗa, tana murmushi. Abokina ya sunkuyar da kai, ya karɓi furar ya ce, "Sannu da aiki, Inna." Da ta koma ɗaki ya gaya mini a hankali cewa ramukan sun riga sun kai yankan ƙarshe, ba za su sake yankuwa ba, sai dai wata gangar. Ni kuwa ba ni da ko akuyar da zan sayar. Wallahi ban taɓa jin duniya ta yi mini ƙunci irin na ranar ba. Da wani ne ya yi, da na samu wanda zan zaga in huce.

Aka gama girbi na ɗaure jakata. Ta rako ni bakin zaure, sai ta riƙe hannun rigata.

"Auta, gaya mini gaskiya. Wankin nan da na yi ne?"

Na ce, "A'a Inna, ƙarfen ne ya tsufa."

Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce Allah shi kiyaye hanya. Har yau ban sani ba ko ta yarda.

Mutane kan ce kowane abu da darasinsa. Ni dai na juya wannan ta kowace fuska ban samu abin da zan koya wa kowa ba. Ba wanda ya yi mugunta, ba wanda ya yi lalaci, kowa so yake in zauna. Abin da ya rage mini ciwo ne, kuma bai warke ba.

Na yi shekaru ina dako a Abijan. Duk wayar da muka yi, kafin ta ajiye sai ta tambaya, "Har yanzu ba a samu wani ƙarhen ba?" Ina ce mata saura kaɗan. Shekarar da na samu abin sayensa, ina shirin dawowa aka kira ni cewa ta kwanta ciwo, kwana kaɗan ta cika. Na iso an riga an share makoki.

Duk da haka na sayi gangar, ban san dalili ba. Muka haɗa ni da abokina. Motar ta tashi lafiya lau, inji na bugawa daidai. Na kashe ta, na kifa kaina a kan sitiyari na yi ta kuka, don yanzu ina da hanyar zama gida, amma babu wadda zan zauna dominta.