Motar da Alkasum Ya Wanke

Alkasum Kolo na unguwar Birni tsohon sojan Faransa ne, amma bai taɓa harbin kowa ba, bai kuma taɓa ɓoye hakan ba. Lokacin babban yaƙin Turawa aka ɗebe shi daga gonar ubansa, aka tsallaka teku da shi, aka kai shi wani makeken fili inda ake tara motocin yaƙi, masu rai da matattu, har da na Jamus da aka ƙwato. Wani sarjan ya dube shi sama da ƙasa, ya miƙa masa buroshi da garwa. Har aka gama yaƙin wanki yake yi. Ya san tankoki ta kai da ta gindi, ya san inda laka ke maƙalewa a jikin kowace iri.

Da ya dawo Damagaram ya auri Barira, ya kama gyaran fitila da kwaɗon ƙofa a bakin kasuwa. Da haka zai ƙare rayuwarsa lami lafiya, ba don an buɗe gidan silima a cikin gari ba: katanga huɗu babu rufi, farin bango a gaba, benci ga masu hali, ƙasa ga sauran.

Ranar da ya fara shiga, fim ɗin yaƙi ake nunawa. Wata tanka ta fito daga cikin itatuwa da gicciyen Jamus a jikinta, mutane suka zuba ido. Sai Alkasum ya miƙe.

"Wannan ba ta Jamus ba ce," in ji shi. "Ta Amirka ce, fenti aka shafa mata. Ku dubi ƙafafunta."

Aka ce ya zauna. Ya zauna, amma bai daɗe ba ya sake tashi, domin an nuno wata jip da ba a ƙera irinta ba sai bayan an gama yaƙin. Tun daga ranar bai bar fim ɗin yaƙi ya wuce shi ba. Bai damu da wanda ya ci nasara ba, bai san sunan jarumi ko ɗaya ba. In aka kashe babban jarumi mutane na jimami, shi hankalinsa na can kan motar da ke bayan gawar.

A nan ya gamu da Alhaji Gambo, wani Bakano mai sayar da atamfa, wanda ya yi sojan Ingila a ƙasar Bama yana jan alfadarai. Shi ma yana da nasa fannin: takalman soja da ɗaurin kaya a bayan dabba. Suka zama abokai irin waɗanda ba su taɓa yarda da juna a kan komai ba. Benci ɗaya suke zama, goro ɗaya suke rabawa. In Alkasum ya ce tanka ƙarya ce, Gambo sai ya ce tanka gaskiya ce, takalmin direbanta ne ƙarya.

Sai shekarun fari suka zo. Damina ta ƙi, ta sake ƙi. Mutanen Zermu da Guna da sauran ƙauyuka suka cika bayan gari da 'yan tsummokaransu, dabbobinsu sun ƙare a hanya. Ruwa, wanda dama Damagaram ba ta taɓa ƙoshi da shi ba, ya zama abin da ake bin layi tun asuba. Manyan motoci duk suka koma dakon hatsin taimako, aka rasa mai kawo sabon fim. Fim ɗaya ya maƙale a gidan silima wata da watanni, kuma na yaƙi ne.

Mai gidan silimar, Nomau, ya ga benci ba kowa, sai ya riƙa barin baƙin ƙauye su shiga su zauna a ƙasa kyauta. Su ba yaƙin suke kallo ba. Akwai wani wuri a tsakiyar fim ɗin da ruwan sama ke zuba kamar da bakin ƙwarya, sojoji na tafiya cikin ciyawa har gwiwa, ga wata saniya ƙatuwa tana kiwo ba mai kula da ita. Nan ne wurin ke yin shiru. Wani tsoho ya taɓa tambayar Alkasum me waɗannan mutane ke faɗa a kai, alhali ga ciyawa.

Alkasum ya ce bai sani ba, amma ya lura da motar da ke wucewa bayan saniyar.

Motar nan ita ce ta hana shi barci. Babbar motar soja ce mai taya goma, murfin tayarta ta gaba ta hagu a lotse. A farkon fim Jamusawa suka jefa mata bam, ta ƙone ƙurmus. A tsakiya ga ta tana wuce saniya. A ƙarshe kuma ga ta cike da sojoji suna ɗaga hannu, lotsewarta na nan. Kullum sai ya tashi ya sanar da jama'a, har 'yan ƙauyen suka haddace, suna riga shi faɗa.

Wata safiya ayarin motocin soja ɗauke da jar dawa ya ratsa ta kusa da Birni, ta ƙarshensu ta yi tari ta mutu daidai ƙofar gidan Alkasum. Aka kwashe buhunan aka zuba a sauran, aka bar wani kaparal mai suna Habu yana gadinta kafin kayan gyara su iso daga Yamai. Alkasum ya fito da buta a hannu, ya tsaya. Taya goma. Ya zagaya ta hagu. Murfin tayar gaba a lotse.

Ya shafa wurin da tafin hannu, ya ce wa kaparal, "Na san motar nan. Ni na wanke ta a Faransa. Daga baya ta shiga silima."

"Baba, wannan ba ta shiga ko'ina sai garaji," in ji Habu.

Abin da ya fi damun Alkasum shi ne dattinta. Ƙura ta haɗu da baƙin mai ta yi mata ɓawo, kamar ba a taɓa sa mata ruwa ba tun da ya bar ta. Ranar nan Barira ta sha layin famfo tun kafin kiran salla, ta samo garwa biyu ta juye a randa, ta tafi gidan suna. Kafin ta dawo, randa ta koma wayam, rabin motar na ƙyalli a rana, maigidanta na kwance a ƙarƙashi da tsumma yana waƙar sojoji.

Barira ba ta ɗaga murya ba. Ta leƙa randa, ta leƙa ƙarƙashin mota.

"Malam, ruwan ne ka yi wannan da shi?"

"Bai ma isa ba, Barira. Ɓangaren dama na nan yadda yake."

Da azahar ta kawo masa garin gero busasshe a ƙwarya, da ludayi a kai. Ya tambayi ruwan damawa, ta ce ya tambayi baƙuwarsa. Kwana biyu yana bin gidajen maƙwabta roƙon kurɓi ɗaya, ana ba shi ana dariya.

Da Gambo ya zo ganin motar, ya zagaya ta yana taɓe baki.

"Malam Alkasum, duk motar soja a duniya murfin tayarta a lotse yake. Sojoji ne ke tuƙa su."

"Ba irin wannan lotsewar ba, Alhaji."

Gardama ta yi tsawo har unguwa ta rabu biyu. A ƙarshe aka yarda cewa lamba ce za ta raba: a karanta ta jikin motar fim, a gwada da wadda ke ƙarƙashin fentin wannan. Matsalar ita ce a fim motar wucewa take da sauri. Sai suka lallashi mai juya injin silima, suka ce in ta iso bayan saniya ya tsayar da hoton, ko na ɗan numfashi ne.

Labari ya bazu, ranar gidan silima ya cika maƙil, har da kaparal Habu. Ruwa ya fara zuba a bango, saniya ta fito, mota ta shigo, hoto ya tsaya cak. Alkasum ya taka zuwa gaban bango yana ƙanƙance ido. Kafin ya gane harafin farko, wani baƙin ɗigo ya fito a tsakiyar motar, ya yi ja, ya buɗe, ya cinye ta da saniyar da ruwan gaba ɗaya. Zafin fitilar injin ne ya narkar da zaren fim. Wasu a gaba suka ɗauka sabon bam ne, suka tafa.

Mai inji ya yanke wurin ya liƙe. Washegari 'yan ƙauye suka zo suka jira ruwa da saniya har fim ya ƙare, ba su gani ba, ba su kuma sake dawowa ba. Nomau ya ce muddin yana raye, da Alkasum da Gambo ba mai sake taka ƙofarsa.

"Ka gani ko," in ji Gambo a hanyar gida. "Ka ce ta ƙone ta dawo. To yanzu ta ƙone da gaske."

Alkasum ya koma kwana a gaban motar, shi da Habu suna raba tabarma.

Bayan 'yan kwanaki, a gefen hagu inda ruwan wanki ya kwanta, ƙwayoyin dawar da suka zube lokacin sauke buhuna suka tsiro. Babu wani kore a duk Birni sai wannan. Awaki suka yo ca, Barira ta kore su da muciya, ta kewaye wurin da ƙaya, ta riƙa zuba masa ruwan wanke-wanke. Mutane na zuwa da la'asar su tsuguna su kalla.

Kayan gyaran ba su taɓa isowa ba. Wata rana aka turo wata mota ta ja matacciyar. Alkasum ya raka su da ƙafa har bakin hanyar Takieta, yana gaya musu ba nan ake ɗaura sarƙa ba.

Dawar ta yi, zangarniya kaɗan ce, ba ta cika ƙwarya ba. Barira ta daka ta yi tuwo, ta aika wa Gambo malmala ɗaya. Gambo ya aiko cewa warin man mota yake yi. Alkasum ya ce ƙarya ne, warin man birki ne, ya cinye nasa ya suɗe akushi.