Kada Ki Lissafa Ni

Shekarar da na gama sakandare babu wanda ya kai ni lissafi a layinmu na Dutse Uku, kuma ban bar kowa ya manta da hakan ba. Malaminmu ya ce fannoni uku za su dace da ni a jami'a: inshora, ko ilimin rage haɗari a harkar kasuwanci, ko wani da ake kira akcuwariya. Na ƙarshen ya fi wuya, in ji shi. Shi na zaɓa, don taurin kai.

Da na faɗa wa Baba, sai ya tsame hannu daga tuwo. Katako yake sayarwa a kasuwar Katako, kunnensa kuwa "akta" ya jiyo. Lokacin 'yan fim sun cika Jos.

"'Yar fim? A gidana?"

Na yi bayani har yawuna ya ƙafe, bai saurara ba. Washegari na bi shi kasuwa, don maƙwabcin rumfarsa, wani dattijo Ibo mazaunin Kabong, yana da ɗa a kamfanin inshora. Na ɗauka shi zai wanke ni. Ashe garin neman gira zan rasa ido.

"Alhaji, ba fim ba ne o!" in ji dattijon. "Yarinyan nan zai zama babban oga. Shi zai zauna ya lissafa yaushe shago zai ƙone, yaushe mutum zai mutu."

Baba ya juyo gare ni.

"Da ma fim ɗin ne, da ya fi," ya ce.

Raina ya ɓaci. Na ce ba ranar mutuwar mutum ɗaya ake faɗa ba, taron jama'a ake dubawa. Ai shi ma in ya sauke lodin katako ya san wasu za su tanƙware, bai dai san waɗanne ba.

"Katako ba shi da ajali, Uwata," ya ce. "Ajali gaibu ne."

A waɗancan shekarun garin ba ya zaune lafiya, kowane gida ya san wani da ya fita bai dawo ba. Ni kuma tsorona ɗaya ne: in tafi karatu ba da albarkarsa ba. Ya daina tsokanata, ya daina kirana Uwata. In na gaishe shi sai ya amsa yana kallon carbinsa. Na yi kuka a ɓoye, amma ban janye ba.

Ranar tafiyata ya raka ni tasha. Mota na shirin tashi ya leƙo ta taga.

"Allah ya yi miki albarka. Abu ɗaya na roƙe ki, kada ki lissafa ni."

Na yi masa alkawari da zuciya ɗaya.

A aji biyu aka fara koya mana jadawalin mace-mace: shekarun haihuwa a jere, kowace da yawan waɗanda ba sa ganin ta gaba. Kafin in hana idona, ya sauka kan shekarun Baba. Na rufe littafin da sauri, amma na riga na gani, kuma kaina ba ya mantuwa da lamba.

Da na dawo hutu na same shi a tsakar gida yana alwala. Ƙurar katako ta sa masa tari, ya rame. Na durƙusa zan gaishe shi, tarin ya sarƙe shi, na tsaya ina kallonsa fiye da yadda ya kamata. Ya ajiye buta a hankali.

"Kin duba, ko?"

Na buɗe baki, ya ɗaga mini hannu.

"Kada ki faɗa mini."